Tabo Ɗaya, Ƙusa Bakwai

4 ga Maris

Zuwa ga 'yata Direba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce daga gidan ubanki, da fatan kina lafiya, aikin madatsar ruwan ma yana tafiya daidai. Mu nan kalau muke, in an cire gwiwar Gwaggonki da ke kuka kowace safiya, da kunnena da ya ƙara nauyi. Kada ki ce don me ban kira ki a waya ba. Can inda kuke ba sabis, nan inda nake ba kunne, sai takarda ta raba gardama.

Bayan haka, maganar Barewa ce, motar marigayi ubanki. Wata tara ke nan da kika damƙa mini makullin gida da na gareji, kuma ban taɓa wuce abin da kika ce ba. Duk Asabar in ɗaga gefen tamfol, in tayar da inji ya yi minti goma, in kashe. Shekaranjiya na ce bari dai baiwar Allah ta sha iska. Ni da Gwaggonki muka turo ta tsakar gida da hannu, na kawo bokiti da soso. Ina cikin wanke gilashin gaba sai na ji soso ya ɗan sarƙe. Na duba. Tabo! Dutse ya ɓantare gilashin ta wajen kujerar fasinja, ɗan rami kamar ƙwayar shinkafa, da 'yan ƙafafu huɗu a miƙe.

Direba, sai da na nemi wuri na zauna. Shekara talatin da ɗaya ina aikin duba lafiyar motoci, ba direban da ya taɓa zuwa gabana da tabo a gilashi ya tafi da takarda a hannu. Har suna suka laƙaba mini, Sufeto Je-ka-dawo, ban kuma ji haushi ba don gaskiya suka faɗa. Yau a ce gidan da nake riƙo akwai mota mai tabo? Ina zan kai fuskata?

Halin ubanki ne, Allah ya jiƙansa. Kakata da kakansa ne ciki ɗaya, amma ni da shi ɗaki ɗaya muka tashi har muka yi gemu, saboda haka na san shi ciki da bai. Mutumin kirki, amma tsari babu. Shekara hamsin yana gaya wa duniya ya fi ni tsawo da yatsa biyu, alhali takalmi mai tudu yake sawa. Wanda ya iya wannan, ɓoye tabo ba zai ba shi wuya ba. Yanzu na gane abin da ya sa duk zuwan da nake yi motar a lulluɓe take.

Na kira Mai Gilas, na ƙarshen layin masu walda. Ya ce hanya biyu ce. Ko a ɗura wani ruwa mai kama da gam cikin ramin ya daskare, tabon ya daina barazanar gudu, ko kuma a cire gilashin a sa sabo. Mota mai kujera biyu da ta girme ki nesa ba kusa ba, gilashinta ba a kan titi ake tsintarsa ba. Amma ya samo guda, sabo fil a akwatinsa, mai shi ya ce zai jira mu zuwa ashirin ga wata. Ni sabo nake so. Rigakafi ya fi magani.

Wani abu kuma. Wanda ya gina garejin nan ya kamata a tuhume shi. In motar ta shiga, yatsa huɗu ke saura a gaba, huɗu a baya. Ga wasu ƙusoshi bakwai a bangon ƙurya, a jere daga sama zuwa ƙasa, ba abin da suke riƙe. Na rataya musu hular aikina da makullai da tocila, su ma su ci guminsu.

Ki ba ni amsa kafin ashirin. Gwaggonki tana gaishe ki.

Baffanki,
Sufeto

17 ga Maris

Baffa,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaishe da Gwaggo, Allah ya ba gwiwa da kunne lafiya. Ni kalau nake, ko in ce kalau nake har zuwa minti goma da suka wuce.

Yanzun nan wasiƙarka ta iso. Kwana goma sha uku ta yi a hanya, don motar da ke kawo mana kayan abinci ita ke kawo wasiƙu, kuma sau biyu take zuwa a wata in ta ga dama. Direbanta yana waje yana danna mini hon, a kan gwiwata nake rubutun nan, ka yi haƙuri da hannun.

Kada a taɓa gilashin nan. Kada a cire shi, kada a ɗura masa gam, kada ma a goge wurin da ƙarfi. Don Allah, don Annabi, Baffa. Tabon nan ya fi shekara ashirin, bai taɓa matsawa ko da faɗin gashi ba, kuma ba mantawa aka yi da shi ba.

Sannan hula? Hula da tocila a kan ƙusoshin Baba? Haba Baffa! Ka sauke su yau, kuma kada ka zare ko ɗaya. Inji na ce ka tayar, ban ce ka tayar mini da hankali ba.

Ka ce Baba ba shi da tsari. Ban ji daɗin wannan ba, ba zan ɓoye maka ba. Maganar gilashin nan tsakanina da shi ce, wanda bai zauna a kujerar nan ba ba zai gane ba. Zan yi maka bayani a wasiƙa ta gaba, mutumin nan ya fara jan mota.

'Yarka,
Direba

23 ga Maris

'Yata Direba,

Sallama da fatan alheri. Muna lafiya. Gwiwar Gwaggonki ta yi sauƙi tun da ta samu abin kallo.

Na jira har ashirin, na roƙi mai kaya ya ƙara mana kwana biyu don in yi miki kara. Shiru. To shiru ma magana ce, na ɗauka kin bar wa babba ya yi abin da ya dace.

Albishirinki! An gama. Jiya Mai Gilas ya zo da abokin aikinsa, a tsakar gida suka yi komai, ina tsaye a kansu. Suka zare siririn ƙarfen ado, suka sassauta robar da ke riƙe da gilashin, suka turo tsohon waje a hankali. Sabon kuma igiya suka zagaya cikin bakin robarsa, suka shafa ruwan sabulu, ɗaya yana danna tafin hannu daga waje, ɗaya yana jan igiyar daga ciki, roba tana hawa gurbinta kaɗan kaɗan. Sau biyu na sa suka sake kusurwar dama. Mai Gilas ya yi ta tsaki, ya ɗauka ba na ji. Tsaki kam ina jin sa.

Yanzu in kin zauna a ciki sai ki rantse babu gilashi. Tsohon na ce ya tafi da shi, ba na son in sake sa shi a idona. Gobe da kaina zan mayar da ita gareji, da inji ba da turi ba, Gwaggonki ta huta.

Ba sai kin yi dogon godiya ba. Yi wa kai ne.

Baffanki,
Sufeto

30 ga Maris

Injiniya,

Sallama. Lafiyar jiki kam muna da ita.

Wasiƙarki ta sha bakwai ga wata ta iso jiya. Na karanta sau uku, na miƙa wa Gwaggonki ta karanta mini ko idona ne ya fara bin sawun kunnena. Ashe haka kika rubuta.

"Wanda bai zauna a kujerar nan ba ba zai gane ba." To, na ji. Ai na san ni dangin nesa ne, irin wanda sai an ɗauko takarda an yi zane kafin a gano inda ya haɗu da ku. Amma lokacin da ubanki ya kwanta, zanen bai hana ni barin gidana in zo in yi sati shida ina juya shi ina ba shi ruwa a cokali ba. Na kusa ɗin suna ina? Waya suke bugowa suna tambayar ya jiki. Da kika rasa wanda zai zauna miki a gida, na nesan nan kika nema. Yau kuma ni ne bare, saboda na cire gilashin da ko makaho ya shafa ya san ya lalace.

Yarinyar da na ɗauka a kafaɗa ita ce ke rubuto mini "kada" har biyar a shafi ɗaya. Na ƙirga. Ko shugabana a wurin aiki bai taɓa jera mini su haka ba. Kuma bayanin da kika ce za ki yi, ina yake? Mutum ya ce kada, ya ƙi faɗin dalili, sannan wasiƙarsa ta zo bayan an gama aiki, laifin wa?

Hulata na sauke. Tocila ma. Makullan gidanki kuma suna cikin ambulan a kan teburin falo. Ki faɗi wanda ya zauna a kujerar, na kusa, in miƙa masa, mu tattara mu koma inda muka fito. Gwaggonki tana ta kuka, ta ce in cire wannan layin. Ban cire ba.

Sufeto

Ƙari: Tunda ni ba maƙaryaci ba ne, ga wata magana. Ran da na shigar da motar gareji, hancinta ya taɓa bango. Na ce taɓawa, Gwaggonki ta ce duka. Fitilar dama ta fashe, ƙarfen gaba ya ɗan lotsa. Hancin motar nan ya fi zancen ubanki tsawo, in kana zaune ba ka ganin ƙarshensa. Shekara arba'in ina tuƙi ban taɓa goga mota ba. Laifin magini ne, kuma yadda ubanki yake shigar da ita ba ya dukan bango, Allah kaɗai ya sani.

12 ga Afrilu

Baffa,

Ina gaisuwa. Ka ce wa Gwaggo ta share hawayenta, ba inda za ku.

Wasiƙunka biyu tare suka iso. Ta albishir na fara buɗewa. Ina tsaye a bakin ofis da hular kwano a kaina, ban san lokacin da na zauna a kan buhun siminti ba. Ma'aikata suka zagaye ni suna tambayar wa ya rasu. In ce musu gilashi?

Na yi fushi, Baffa, kuma har yanzu ban huce ba. Ka tambaye ni, ka sa wa'adi, alhali ka san yadda wasiƙa take zuwa nan, sannan ka yanke hukunci kai kaɗai ka ce shiru magana ce. Shirun motar kayan abinci ne, ba nawa ba! Garin neman gira ka kai mu ga rasa ido. Har ka ce ba sai na yi dogon godiya ba. Wallahi da ba kai ba ne da na faɗi abin da takarda ba za ta ɗauka ba.

Ka ce Allah kaɗai ya san yadda Baba yake shigar da ita. Ni ma na sani, bari in gaya maka.

Tsakuwa ce ta tashi daga tayar tifa ta yi tabon nan ina 'yar shekara bakwai. Baba ya yi niyyar gyarawa. Sai ran nan yana shiga gareji ya lura tabon yana tafiya a jikin bango yayin da motar ke matsawa, don yana gefe, ba saitin direba ba. Ya tsayar da ita daidai inda ya kamata, yatsa huɗu tsakaninta da bango, ya zauna yadda ya saba zama, ya sa Mama ta ɗora yatsa inda tabon ya rufe. Nan ya buga ƙusa. Daga ranar, in zai shiga ba ya kallon hanci, ba ya kallon madubi. Tabon yake kallo, ya sa masa suna Tauraruwa. Da ta hau kan ƙusa sai birki. Shekara ashirin da biyu bai taɓa goga bango ba. Mutumin da ka ce ba shi da tsari ke nan.

Ta ƙasa, mai jan fenti a ka, ita ce tasa. Sauran shidan nawa ne. Ina sha uku ya ɗora ni a kan matashi biyu ya ce in shigo da ita daga ƙofar gida zuwa gareji, ba fiye da haka ba. Idona yana ƙasa da nasa, sai Tauraruwa ta faɗa can sama da ƙusarsa. Ya ɗauko guduma ya buga mini tawa. Duk shekara sai in ƙara tsawo, sai ya sake buga wata ƙasa da ta bara. Ina girma, ƙusoshina suna gangarowa wajen tasa. Ta shidan ina sha takwas, saura yatsa uku ta cim ma ja. Ya ce, "Direba, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, baɗi za ki kamo ni." Ban ƙara tsawo ba.

Wasu iyayen a jikin ƙofa suke zana tsawon 'ya'yansu. Nawa a bangon gareji yake, kuma ba a karanta shi sai ta cikin wannan gilashin. Ba tabon, ƙusoshi ne kawai na rataya tocila. Rigunansa an raba, littattafansa an raba, agogonsa ma wani ya ɗauka bai faɗa ba. Wannan kaɗai ya rage mini da in na zauna zan ji kamar yana gefena yana cewa "saura kaɗan, saura kaɗan, taka!"

Kujerar da na ce kuwa, kujerar direba nake nufi, mai fata, wadda gefenta ya tsage. Ba kujerar dangi ba. Kai ka juya Baba sati shida, ni ina can ina jarrabawa, wa zai kira ka bare? Ka mayar da makullan nan aljihunka, kada ka ƙara mini wani ɓacin ran a kan wanda nake ciki.

Fitila ba ta dame ni ba, ana samun wata. Ka je ka nemo mini gilashina. Yau, Baffa, ba gobe ba.

'Yarka, ko kana so ko ba ka so,
Direba

26 ga Afrilu

'Yata Direba,

Sallama. Muna lafiya, sai dai ni abinci bai wuce mini ba ranar da wasiƙarki ta zo.

Na shiga gareji da tocilar nan da kika tsana, na haska bango. Gefen kowace ƙusa cikin naki shida akwai lamba da fensir, da hannun ubanki, daga sha uku zuwa sha takwas. Wata goma ina wucewa ban gani ba, ni da nake hango tabo daga ƙofar ma'aikata. Gwaggonki ce ta yi magana, kuma ta faɗi da yawa.

Na tafi wurin Mai Gilas. Direba, ashe mutumin nan yana da tsohon ciwo a kaina! Na ce ina tsohon gilashi. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya share hannu a hankali, ya ce, "Wanne? Mai tabon nan da ka ce ba ka son sake gani?" Na ce shi. Ya ce me zan yi da shi. Na ce mayarwa za a yi. Sai ya leƙa waje ya kira masu walda, ya ce su zo su ji da kunnensu. Wai shekara goma sha tara da suka wuce ya kawo motar ɗaukar kayansa gabana, na mayar da shi sau uku saboda tabon da bai kai rabin wannan ba. Ni ban tuna ba. Wa zai tuna? Su dubu nawa ne?

Ya ce ba zai nuna mini inda yake ba sai na faɗa a gabansu cewa gilashi mai tabo yana iya hawa mota. Ni! A gaban masu walda! Na juya zan tafi, na kai bakin titi, sai lambobin nan na fensir suka tsaya mini a ido. Na dawo na faɗa. Ya ce bai ji ba, wai kunnensa ya yi nauyi. Ɗan banza, ni yake kwaikwayo. Na sake faɗa da ƙarfi, har da tafi suka yi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, amma wannan wadan Allah ya isa tsakanina da shi.

Kin san inda gilashin ubanki yake? Bayan shago, a kan bulo huɗu, ya rufe irin tumatir da shi don kaji. Sati biyar! Na ɗauke kashin kaza da hannuna. Amma lafiyarsa lau, Tauraruwa tana nan da ƙafafunta huɗu, ba ta ƙara ba. Na naɗe shi da bargon Gwaggonki, yanzu yana kan gadon baƙi, ba mai shiga ɗakin.

Ga inda maganar take. Mai Gilas, duk da rashin kunyarsa, ya san aikinsa. Ya ce tsohon gilashi ya yi haƙuri an cire shi sau ɗaya, mayarwa kuma sai an danna shi, kuma wajen dannawa tabon yana iya gudu ya raba shi biyu. Ba ya ɗaukar alkawari. In an ɗura gam tukuna, haɗarin zai ragu, amma tabon zai dushe har da ƙyar a gan shi. Ko kuma a bar sabon a mota, a jingine tsohon a ɗaki ya zauna lafiya har abada.

Wannan karon ba wa'adi. Ko motar kayan abincinku za ta shekara a hanya, ina jira. Makullai suna aljihuna.

Baffanki

9 ga Mayu

Baffa,

Gaisuwa da ban haƙuri. Na yi dariya har na ƙware, sannan na yi kuka. Ka ce wa Mai Gilas ina nan zuwa, ni da shi ne.

Kwana biyu ina juya maganar, har na sa motar ta jira ni. A mayar da shi, ba gam. Baba bai bar tabon nan don ado ba, kuma gilashin da ke kan gadon baƙi ba ya nuna ƙusa. In ya fashe, ya fashe a bakin aikinsa, ba zan ɗora wa kowa laifi ba. Na rubuta na sa hannu, ka ajiye takardar.

In Allah ya sa ya hau lafiya, ga aikinka. Ku tura ta da hannu har inda ya kamata ta tsaya. Ka zauna a kujerar, ka jingina sosai, Gwaggo ta ɗora yatsa inda Tauraruwa ta faɗa, ka buga taka ƙusar. Ka rubuta shekarunka a gefe da fensir, na gaskiya. Ba na son a sake dukan bangon nan, kuma layin ƙusoshin nan na 'yan gida ne.

'Yarka,
Direba

24 ga Mayu

'Yata Direba,

Sallama. Kowa lafiya.

Ya hau.

Ranar Talata suka zo. Wannan karon gindin famfo na koma na juya baya. Ina jin Mai Gilas yana ce wa abokinsa "a hankali, a hankali," igiya tana kuka cikin roba. Da suka zo kusurwar da tabon yake, sai na ji ƙas! Na juyo a guje. Ashe robar ce ta faɗa gurbinta. Mai Gilas ya share zufa ya ce, "Sufeto, zo ka duba, ko je-ka-dawo ne?" Na ƙyale shi, ranarsa ce. Ya kawo fitila ma ya sa, masu walda sun buga lotsawar ta miƙe.

Da suka tafi muka tura ta ciki ni da Gwaggonki, na auna yatsa huɗu da hannuna. Na zo da guduma, da sabuwar ƙusa, da fensir a bayan kunne. Na zauna, na jingina sosai yadda kika ce. Gwaggonki ta tsaya jikin bango da yatsa a miƙe tana jira in ce sama ko ƙasa.

Na ƙura wa tabon ido. Ta ce, "Malam, ina zan sa?" Na gyara zama. Na sake gyarawa. Na cire hula, na fita na shigo, har takalmi na tuɓe. Duk yadda na yi, Tauraruwa a kan jar ƙusa take sauka, daram, ba ta kauce ko da faɗin gashi ba.

Tsawonmu ɗaya, Direba! Ɗaya! Shekara hamsin mutumin nan yana tsayar da ni a gaban jama'a yana ɗora hannu a kaina yana cewa yatsa biyu. A ɗaurin aurena ma sai da ya faɗa. Yau ga shaida ta fito, da ƙusarsa, da fentinsa, da hannunsa ya buga, kuma ya tafi inda ba zan iya zuwa in nuna masa ba. Wannan wane irin rashin adalci ne? Wa zan gaya wa?

Gwaggonki ta ce na daɗe a cikin motar. Ta ce wai har magana ta ji ina yi da kujerar gefe. Ban sani ba, ni kunnena ba ya ji.

Ban buga ƙusar ba, tana aljihuna. Na dai rubuta sittin da takwas a gefen tasa, ƙanana, na gaskiya. Jiya na fitar da ita da inji na dawo da ita da inji, na kalli tabon, ya hau ja, na taka. Na fito na auna, yatsa huɗu.

Ki zo ki gani da idonki. Kuma in kin zo, ke za ki gaya wa dangi maganar tsawon nan, na kusa da na nesa, don in ni na faɗa cewa za su yi son kai ne.

Baffanki,
Sufeto